Kifin da ke kiwo a ƙasan kogi: me zan saya?

Tambaya: Malam, ina zaune a Ingila, kuma abokan aikina sun ja ni fatsa a kogin Trent, neman kifin da suke kira barbel. Kuɗina ba su da yawa. In zuba su a sanda mai tsada, ko akwai abin da ya fi ta?

Amsa: Ɗan'uwa, sanda ce ƙarshen abin da zan sa ka kashe wa kuɗi. Wannan kifi ɗan dangin kifin da Turawa ke kira carp ne, bakinsa a ƙasa yake, da gashin baki huɗu da yake lalube da su cikin tsakuwa yana neman tsutsa da ƙananan ƙwari. Da wuya ya taso sama ya karɓi abinci. Ƙugiyar da ba ta kwanta a ƙasa ba, wanka kawai take yi.

Saboda haka fara da dalma mai nauyi da ake ɗaurawa a zare don ƙugiya ta nutse, wadda ruwa mai gudu ba zai kwashe ba, domin inda ruwa ke da ƙarfi nan kifin yake zama. Sai zare. Kada ka yi rowa a nan. Wanda zai ɗauki kilo 5 ko sama ka nema, don idan kifin ya kama ƙoto ba ya wasa, fizga ɗaya sanda ta lanƙwashe, kuma kai tsaye yake nufar ciyawa ko saiwar itace ya tsinke maka. Manyansu a Ingila sun haura kilo 9. Ka haɗa da koma mai faɗin baki ta ɗauko shi. Sanda matsakaiciya mai tsawon ƙafa 12 ta wadatar, ko ta hannu ce.

Kafin duk wannan, sayi lasisin fatsa na Hukumar Kula da Muhalli. Kuma daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an hana kamun irinsa a kogunan Ingila, lokacin zuba ƙwai ne.

Tambaya: Ana cinsa kuwa?

Amsa: Masu fatsa a can mayar da shi ruwa suke yi. Ƙaya ta yi masa yawa, ƙwansa kuma guba ne, yana sa amai da gudawa. In ka kama, riƙe shi cikin ruwa kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, kada ka sake shi sai ka ji ya fara harbi da wutsiya.