Mun tara kuɗin sola: rijiya za mu fara ko wutar gari?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu a Jihar Jigawa. Har yau layin wuta bai iso mu ba. Mun yi karo-karo, 'yan garinmu mazauna birni ma sun sa hannu. Yanzu kai ya rabu: dattawa na so a sa wa rijiyar burtsatse sola, matasa kuwa sun dage sai wutar da za ta shiga gidaje. Wanne za mu sa gaba?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam Sakatare, Allah ya ƙara haɗa kanku. Ku fara da rijiya. Dalilina kuwa batir ne: wutar sola ta gidaje sai da batir za ta yi aiki da dare.

Farantan sola masu kyau suna kai shekara 20 zuwa 25 suna aiki. Batir ba haka yake ba. Na ruwa, wanda aka fi saye saboda araha, a irin zafinmu da wuya ya wuce shekara 2 zuwa 4, musamman in ana tatse shi kullum har ya mutu. Na litiyam yana iya kai shekara 8 zuwa 10, amma da tsada. Galibin fitilun titi da kuke gani a kashe a ƙauyuka, farantansu lafiya ƙalau suke. Batirin ne ya gaji, kuma ranar da aka yi bikin buɗewa babu wanda ya tanadi kuɗin sauya shi.

Famfon rijiya kuwa ba ya bukatar batir ko kaɗan. Rana na fitowa yana turo ruwa zuwa tanki, tankin shi ne ma'ajiyarku. Famfo mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana cin kusan kilowat 1.1, don haka faranti huɗu masu wat 450 sukan riƙe shi, gwargwadon zurfin rijiyar. Kafin a sayi komai a gwada yawan ruwan da rijiyar ke bayarwa cikin awa guda, don famfon da ya fi ƙarfin rijiya tsotse ta zai yi ya ƙone, sai in an sa masa na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya janye. A kafa farantan suna fuskantar kudu, a ɗan kishingiɗe kamar digiri 10 zuwa 15, a bisa ƙarfe mai tsawo, a kewaye. Da hunturu a naɗa wanda zai riƙa wanke su da sassafe, kafin gilashin ya yi zafi. Ƙurar da za ka iya rubuta sunanka a kanta da yatsa ta isa ta rage ruwan da ke shiga tanki.

Kada ruwan ya zama kyauta. Na san wannan magana ba ta da daɗin ji a gaban taro, wani zai ce ai kuɗin jama'a ne. To amma ranar da famfo ya tsaya, karo-karo na biyu ya fi na farko wuya. A yanka ɗan abin da ba zai takura wa kowa ba a kan kowace jarka, 'yan garuwa su biya nasu daban, masallaci da makaranta a ɗauke musu. Kuɗin ya shiga asusun banki da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku ke sa hannu, kuma a karanto lissafi a gaban dagaci duk wata. Ku sa mata a kwamitin, su ne suka fara sanin ranar da ruwa ya ragu. Idan ba ku yi rajista da CAC ba, wato hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ku yi.

Matasanku ba su yi kuskure ba, sai dai wutar gari ba aikin kuɗin karo-karo ba ne. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan: su kafa ƙaramar tashar sola, su ja layi, su sa mitar da ake loda wa kuɗi, gyara da sauya batir na wuyansu. Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, wato REA, tana ba irin waɗannan kamfanoni tallafi, kuma a Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES mai wannan manufa. A ƙa'idar da NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar lantarki a ƙasa, ta fitar a 2023, tashar da ba ta haɗe da babban layi, in ba ta wuce kilowat 100 ba, rajista ta wadatar; daga nan zuwa megawat 1 sai da izini.

Abin da ke jawo kamfani gari shi ne masu cin wuta da rana: mai injin niƙa, mai walda, mai firjin ƙanƙara, tela, mai cajin waya. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, waɗannan mutane sun san abin da janareto ke cinye musu. Ku sa matasan su bi gida-gida da shago-shago su rubuta abin da kowa ke kashewa a wata a kan mai, batirin tocila da caji. Ku haɗa da takardar filin da gari zai bayar, da shaidar asusun rijiyar nan, sannan ku rubuta wa REA da ma'aikatar da ke kula da lantarki a jiharku. Kafin ku sa hannu a yarjejeniya da kowane kamfani, a rubuta farashin kowane yunit, da awa nawa za a ba ku wuta a rana, da yadda za a yi in sun tashi ƙara kuɗi.