Me ya sa lambobin bas a Landan suke kamar an watsa su ba tsari?

Tambaya: Salam malam. Ban jima da zuwa Landan karatu ba, kuma lambobin bas ɗinsu na rikita ni, ka ga 24 ka ga 207, ga wasu masu harafi irin su W3 da N29. Wai akwai tsari a ciki ne ko haka kawai suke bugawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Tsari kam akwai, amma tsare-tsare ne na zamani daban-daban da aka ɗora wani kan wani, kowa ya zo ya yi gyaransa ya bar na baya.

Bas ta farko ta fara aiki a 1829 daga Paddington zuwa Bank, dawakai ke janta, kuma lokacin ba lamba, sunan unguwanni da launin motar ake dubawa. Sai a 1906 kamfanin Vanguard ya fara sa lamba. A 1924 'yan sanda suka shigo harkar, wani babban jami'insu mai suna Bassom ya kawo dokar cewa duk bas ɗin da ba ta zuwa ƙarshen layi sai an ƙara mata harafi a bayan lambar, abin ya zo ya yi yawa har fasinja ba ya ganewa, shi ya sa da aka haɗe kamfanonin ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1933, shekarar da ta biyo baya aka yi watsi da shi.

To 207 da ka ambata ita ce misalin da na fi so. Asalinta 607 ce, bas mai jan wuta daga wayar sama, irinsu an ba su lambobi ne a jerin 500 da 600. Da aka cire ta a 1960 aka sa bas mai man dizal sai ta koma 207, tana bin Uxbridge Road. A 2005 aka raba layin biyu, 427 ta ɗauki ɓangaren Uxbridge. Ita kuma lambar 607 an dawo da ita kan bas mai gudu wadda ba ta tsayawa a kowace tasha, yanzu ma tun 2023 sunanta SL8. Titi ɗaya ne fa duk wannan.

Harufan gaba kuwa yawancinsu sun samo asali ne daga gyaran da aka tsara a 1966 aka fara aiwatarwa a 1968. Gosulo ya yi yawa, ma'aikata sun yi ƙaranci, layi in ya yi tsawo kuma cunkoso a wuri ɗaya sai ya ɓata lokacin gaba ɗayansa, don haka suka ce a gajarta layuka a cire kwandasta direba ya riƙa karɓar kuɗi da kansa. Nan aka samu ƙananan layukan unguwa, W na yankin Wood Green, E na Ealing. N kuma bas ɗin dare ce.

Ni a ganina gajartawar ta yi ma'ana, sai dai fasinja ne ya daɗe yana biyan kuɗin mota biyu kan tafiyar da da bas ɗaya ce, har sai 2016 da aka kawo Hopper, wato ka sauya bas cikin awa ɗaya ba ƙarin kuɗi.

Ita 24 kuwa tun 1912 take Hampstead Heath zuwa Pimlico, kusan ba a taɓa ta ba. Kada ka wahalar da kanka neman ma'anar lamba, duba sunan inda ta nufa a goshin motar da taswirar da ke tashar.