Kanola a gonar damina: za ta ƙosar da dabbobi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na shuka kanola ba ban ruwa, ruwan sama kawai na dogara da shi, sai ruwan ya ɗauke daidai tana shirin fure. Na ga alamar ba za ta yi ƙwayar kirki ba, shi ne nake tunanin in yanka wa tumakina da shanu. Don Allah tana da amfani a jikinsu ko ɓata lokaci ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Tana da amfani sosai, kar ka bari ta bushe a banza. Kanola dangin kabeji ce, a Kanada aka samar da ita wajen 1974 saboda man da ake samu daga ƙwayarta, amma manoman Ostareliya sun sha yanka ta su yi abincin dabba in fari ya ɓata musu gona. Ganyenta ɗanye yakan kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na furotin in aka cire ruwan, kuma yana narkewa a tumbi da sauri. Lokacin yanka shi ne daga fure zuwa farkon fitar kwanso, in ka jira ta tsufa karan ya yi kauri ganyen ya zube to ka yi asarar mafi yawan amfaninta.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne farin nan. Shukar da ta sha wahalar rashin ruwa tana tara naitiret, wani sinadari da kan zama guba ga dabba in ya yi yawa, musamman a gindin kara, ballantana in ka zuba mata yuriya da yawa, kuma in ruwa ya dawo bayan farin kwanakin farko sun fi haɗari don saiwar tana zuƙarsa da sauri, sai ka jira kamar sati ɗaya kafin ka yanka. Dabbar da gubar naitiret ta kama za ka ganta tana haki tana tangaɗi, dasashinta ya sauya launi, jinin ya koma ruwan ƙasa. Da ka ga haka ka janye sauran ka kira likitan dabbobi a take, wallahi ba ya jira. Kuma shanya ta ba ya rage naitiret ɗin, in da hali ka kai samfur a gwada maka.

Kanola tana kuma da sinadarin salfa (farar wuta) da yawa, wanda in ya yi yawa yakan taɓa ƙwaƙwalwar dabba har ta makance. Shi ya sa kar ka sake su a kanta da yunwa, ka fara cika musu ciki da busasshiyar ciyawa, ka ba su kaɗan kaɗan har kwana 10 tumbin ya saba, kuma ko sun saba kar ta wuce rabin abincinsu na yini. In za ka yanka, ka ɗaga lauje sama ka bar gindin karan a gona.