Ruwan tafkin ninkaya ya koma kore

Ɗan'uwa, ka ce ruwan tafkin ninkayar gidanku ya yi kore shar bayan an yi ruwan sama. Gansakuka ce, kulorin ɗinka, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, shi ne ya yi ƙasa.

Fara kwashe ganyaye, ka goge bango da matakala da buroshi sosai, musamman lungunan da ke santsi. Auna pH, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwan ya yi tsami ko kanwa-kanwa, ka saukar da shi wajen 7.2, domin in ya haura kulorin ba ya cin gansakuka sosai. Sai ka zuba kulorin mai yawa bayan magariba, don rana tana ƙone shi. Bar famfon da ke juya ruwan tafkin yana aiki kwana guda cur, ko da janareta ne, kana wanke matatar. Ruwan zai yi fari-fari, matacciyar gansakukar ta kwanta ƙasa, sai ka zuƙe ta.

Kada ka kuskura ka haɗa kulorin da asid, wanda ake saukar da pH da shi, a bokiti ɗaya. Yara kuma su haƙura sai kulorin ya sauko 1 zuwa 3 ppm, wato ma'aunin yawansa a cikin ruwa.