Rufin gida: kada ka ɗaga kwano ko ɗaya a kan kiyasin baki

Wani mai shagon kayan masarufi a Kano ya aiko da tambaya. Rufin gidansa mai ɗaki huɗu da falo ya tsufa, a daminar bara sai da aka jera bokitai a ɗakin uwargida. Ɗan yayarsa kafinta ne, ya leƙa ya ce naira miliyan ɗaya da rabi za ta isa a sauya kwanon gaba ɗaya. Shi kuma dubu 900 ya tara. Yana tambaya ko ya ciro cikon dubu 600 daga jarin shago, ko kuwa ya zuba abin da ya tara a wani tsari na intanet da aka ce kuɗi na ninkuwa cikin kwana 40.

Alhaji, maganar ninka kuɗi ba ta cancanci dogon bayani ba. Duk wanda ya ga yadda MMM, wata harkar ninka kuɗi ta intanet, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016 bai buƙatar a sake yi masa wa'azi. Kuɗin rufa wa iyali kai ba na gwaji ba ne. Mu wuce wurin.

Abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne miliyan ɗaya da rabin nan. Daga ina ta fito? Ka ce yaron ya leƙa. Ya hau sama? Ya ɗaga kwano ya ga halin da katako yake ciki? Ya sa tef ya auna? Kai da ba ka karɓar katan ɗin taliya daga dila a kasuwar Singa sai ka ƙirga ka karɓi rasit, yau za ka miƙa kuɗin da ka shekara kana tarawa a kan magana ɗaya da aka yi a tsaye a ƙofar gida, don kawai mai maganar ɗanka ne. Ban ce yaron macuci ba ne. Sau da yawa ɗan'uwa yana rage farashi ne saboda kunya, ba ya son ya tsorata kawunsa. Amma kunyarsa ba za ta sayi kusa ba ranar da kuɗi suka yanke, kai kuma nauyin yayarka zai hana ka tuhumarsa.

Na san wani mai sayar da atamfa da ya yi irin wannan. Ƙanin matarsa ya faɗa masa kuɗi da baki, ya miƙa duka a dunƙule, aka yaye kwano a ƙarshen watan Mayu. Da aka buɗe sai aka tarar gara ta cinye katakon. Na je da kaina na gani: ka sa yatsa ka danna, yatsan ya lume, gari ya zubo. Ba a sa katako a lissafi ba ko ƙwaya ɗaya. Kwana uku ana neman ciko, hadari ya haɗo da dare da iska irin ta farkon damina, ta kwashe tamfol ɗin da aka shimfiɗa. Da safe katifu a jiƙe, silin ya rufto, yara a gidan maƙwabta. Ya kwashi atamfa ya karyar ƙasa da yadda ya saro don a rufe gidan cikin gaggawa. Aikin ya ci kusan ninki biyu, kuma har yau shi da surukin nasa gaisuwa ce kawai.

Don haka kafin ka taɓa ko sisi, sa yaron ya hau ya auna a gabanka, ya rubuta a takarda: bandir nawa na kwano, wane kauri, katako nawa da girmansu, kusa, maganin gara ko baƙin mai, kuɗin mota, kuɗin hannu. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, ka ƙirga da kanka, domin ana rage shi. Ka kira wani kafinta bare, ka biya shi kuɗin shayi ya yi nasa lissafin ba tare da ya ga na farko ba. Sannan ka ɗauki takardar ka taka Ƙofar Ruwa da 'yan katako na Na'ibawa ka ji farashin yau da kunnenka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 aka kuma saki naira, farashin da ka ji wata uku da suka wuce labari ne. Abin da ya fito, ɗora masa kashi 20 cikin 100, saboda ban taɓa ganin rufin da aka buɗe bai nuna wani aibu ba.

Kayan kuma kai za ka saya. Kafinta kuɗin hannunsa kawai zai karɓa, kashi uku: farko, tsakiya, da bayan an watsa ruwa an ga ba ya yoyo. Faɗa wa yayarka haka tun yanzu da bakinka, cikin girmamawa.

Batun jari kuwa, amsata a'a ce. Dubu 600 a shagon masarufi tana juyawa sau da yawa a shekara, a kan rufi kuwa ta kwanta ke nan. Idan lissafin gaskiya ya fi ƙarfin dubu 900, raba aikin biyu. Rufe ɗakunan da suka fi yoyo bana, sauran a toshe ramukan kusa da kwalta su jira baɗi. Ware wani abu daga riba duk mako, ko ka shiga adashin da kwasarka za ta faɗo a watan Janairu, lokacin da sama ke wasai ba a aiki da fargaba. Tsohon kwanon ma kada ka bari yaran aiki su watse da shi, 'yan gwangwan na saye, kuɗinsa zai rage maka na kusa.

Idan takardun biyu sun zo hannunka, turo min su mu duba tare.