Tsintar Duwatsu a Dajin Gwamnati a Amurka

Tambaya: Malam, ina zaune a jihar Oregon. Zan iya tsintar duwatsu masu ƙyalli a dajin gwamnatin tarayya?

Amsa: Ɗan'uwa, za ka iya, amma kaɗan na ajiya, ba na sayarwa ba. Fara tambayar ofishin gandun dajin yankin, don ƙa'idar kowane daji daban. Tabbatar babu wanda ya yi rajistar haƙar ma'adinai a wurin, domin in akwai, duwatsun nasa ne. Guduma, ƙaramin shebur da tabarau sun isa. Tartsatsin dutse na makantarwa. Ka cike duk ramin da ka tona. Wata dokar tarayya ta 1979 ta hana kwasar kayan tarihi, irin tsofaffin tukwane. A Yellowstone kuwa, wani gandun shaƙatawa na ƙasa da ke wajen Oregon, ko tsakuwa ba a ɗauka.