Ƙarshen Kalma a Ingilishi: Tambayoyinku, Amsoshin Malamai

Wasiƙun wannan fitowa daga Damagaram suka zo, kuma duk a kan abu guda suke: kalmomin Ingilishi masu ƙarewa iri ɗaya. Malaman Ingilishi masu kula da filin ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ina ajin ƙarshe na kolej, bana zan rubuta BEPC. Na lura kalmomin Faransanci masu ƙarewa da -tion, irin su nation da situation, haka nake ganinsu a littafin Ingilishi. Ko zan iya ɗauko kowace in sa a rubutuna?
Ɗaliba, unguwar Birni.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyarmu. Idonki ya gani daidai, kuma abin yana da asali. A 1066 William, mai mulkin Normandi ta arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a har wajen shekara 300. Dubban kalmomi suka shiga Ingilishi ta wannan ƙofa, wasu kuma daga Latin harsunan biyu suka ɗebo su. Saboda haka Faransancin da kika koya tun firamare jari ne a hannunki. Sai dai akwai wuraren da ake tuntuɓe.

Yadda ake furta kalma shi ne na farko. A Ingilishi -tion gaɓa ɗaya ce gajeruwa, “shan”, kuma ƙarfin murya yana sauka a kan gaɓar da ta zo kafin ta: NEI-shan, e-ju-KEI-shan, in-fa-MEI-shan. Bafaranshe yana danna ƙarshen kalma, shi ya sa ɗalibanmu suke cewa “informasiYON”, mai saurare ya kasa ganewa. In akwai s kafin -tion, sautin yana komawa c irin ta Hausa: question, KWES-can. Ita kuwa -sion, in wasali ne ya zo kafin ta, kamar decision da television, sautin j na kalmar Faransanci jour take ɗauka.

Sai ma'ana, kuma nan aka fi zubar da maki. Location a Faransanci haya ce, a Ingilishi wuri ne, inda abu yake. Haya rent ce. Formation da muke nufin horo da ita, training ce a Ingilishi. Déception takaici ne na rashin samun abin da aka sa rai, amma deception yaudara ce. Takaicin disappointment ake ce masa. Réunion ta ofis meeting ce, reunion kuwa haɗuwar waɗanda suka daɗe ba su ga juna ba. Sannan information ba ta ɗaukar s ko da labaran sun kai ɗari. Some information za ki rubuta, in guda ɗaya ne ki ce a piece of information.

Ba -tion kaɗai ke ƙetarawa ba. -té tana komawa -ty: qualité, quality, université, university. -eux tana komawa -ous: dangereux, dangerous, mai haɗari; sérieux, serious. -aire tana komawa -ary: salaire, salary, albashi, nécessaire, necessary. Amma kada ki ƙera kalmar da ba ki taɓa gani a rubuce ba. Heureux happy ce. Santé health ce, domin sanity lafiyar hankali kaɗai take nufi.

Ki ware kaye guda, ki raba kowane shafi gida uku: Faransanci, Ingilishi, ma'ana da Hausa. Kalma biyar a rana ta isa, kada ki shigar da ko ɗaya sai kin duba ƙamus, kuma ki rubuta jimla guda a ƙarƙashin kowace. Waɗanda ma'anarsu ta saɓa ki rubuta su da jan biro a shafukan baya, su za ki maimaita ana gobe jarrabawa.

Tambaya: Malamai, ina saro atamfa da shadda daga Kantin Kwari a Kano. Wasu abokan cinikina ba su jin Hausa, a waya muke magana da Ingilishi, fifteen da fifty suna rikice mini. Kuma a takardar kaya ina ganin consignor da consignee. Wanne ne ni?
Ɗan kasuwa, Kasuwar Dole.

Amsa: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Ɗafa-ƙeyar -teen, wato ƙarshen kalmar, ita ce “sha” tamu, daga 13 zuwa 19. -ty kuwa ta goma-goma ce, daga 20 zuwa 90. In an faɗi lambar ita kaɗai, bambancin a fili yake: fif-TIIN, an ja ƙarshen an rufe da n, FIF-ti, an danna farko an datse ƙarshen. Matsalar tana zuwa ne in thousand ta biyo baya, don a lokacin ƙarfin murya a fifteen ma farko yake komawa, n ɗin kuma waya tana haɗiye ta. Tsakanin naira 15,000 da 50,000 akwai 35,000, ba kuɗin da za a bar wa kunne ba ne. Da an faɗa maka farashi ka tambaya: one five, ko five zero? Sannan ka ce a turo maka adadin da lambobi a saƙo kafin ka tura kuɗi. In kai ne mai rubutawa, ka kula: fourteen tana da u, forty ba ta da ita, eighteen kuma t ɗaya ce.

Batun takarda, -er ko -or mai aikatawa ne, -ee wanda aka yi wa. Consignor mai aiko kaya, consignee wanda aka aiko wa, wato kai. Ka tabbata sunanka da lambar wayarka a wannan gurbi suke, kuma rubutun sunan ya dace da na katinka, don da shi za a miƙa maka kayan. Haka payer mai biya, payee wanda za a biya; employer mai ɗaukar aiki, employee ma'aikaci, employé ɗin Faransanci kenan.

Hausa tana da irin wannan, amma a goshin kalma: manomi, farmer, marubuci, writer. Kuma kamar yadda ma- take ba mu mabuɗi da magirbi, haka -er take ba da kayan aiki, irin su charger da printer. Shi ya sa cooker murhu ne. Mai girki cook ne.

Tambaya: Na rubuta “Actually I live in Zinder and my father works hardly”, malami ya ja wa actually da hardly jan layi. Ba -ly ce madadin -ment ba?
Ɗalibi, Jami'ar André Salifou.

Amsa: Ɗanmu, ita ce, amma da sharaɗi. -ment ta Faransanci aiki biyu take yi. In suna ne, tana nan yadda take a Ingilishi: gouvernement, government, paiement, payment. In bayanau ne, mai faɗin yadda aka yi abu, sai ta koma -ly: rapidement, rapidly, normalement, normally. Kalmomi biyu ne suka fi kayar da masu Faransanci. Actually “a gaskiya” take nufi, ana gyara wa mutum zance da ita. Actuellement ɗin da kake nufi currently ce, ko at the moment. Eventually kuma “daga ƙarshe” ce, abin da tabbas ya faru bayan jira, alhali éventuellement “mai yiwuwa” ce, possibly.

Hardly ta fi muni, don ta juya maka zancen gaba ɗaya. Ma'anarta “da ƙyar”. He works hard, yana aiki tuƙuru. He hardly works, kusan ba ya aikin komai. Haka late da lately: ta farko a makare, ta biyu kwanan nan. Fast ba ta karɓar -ly sam. Friendly da lovely kuwa sifa ne duk da ƙarshensu, don haka in a friendly way ake cewa. Wajen rubutu: easy, easily, possible, possibly, true, truly, basic, basically.

Tambaya: Ɗana ya zo da aikin gida a kan -ful da -less. Yaya zan bayyana masa?
Uwa, unguwar Zango.

Amsa: Hajiya, ki ce masa -ful “mai” ce, -less “maras”. Useful mai amfani, useless maras amfani. Careful mai kula, careless maras kula. Harmful mai cutarwa, harmless maras cutarwa. -ful da l ɗaya ake rubuta ta, sai an ƙara -ly suke zama biyu: careful, carefully. Ba kowace ke da abokiya ba: akwai beautiful amma kishiyarta ugly ce, akwai homeless, maras matsuguni, amma babu homeful. In priceless tana cikin jerin, ya kula da ita: abin da darajarsa ta wuce a sa masa farashi take nufi. Maras daraja worthless ne.